Tiyatar kyamara ko ta yanka: wacce ta dace da ciwon gwiwar hannunka?

Idan likitan ƙashi ya ce wa mutum za a iya yi masa aiki a gwiwar hannu ta 'yan ƙananan huji, a zura kyamara a gyara abin da ya lalace, ya kwana a gidansa a ranar, da wuya ya saurari sauran bayanin da kunne biyu. Zuciya ta riga ta zaɓa. Wa zai so a tsaga masa fata tsawon yatsa, alhali ga hanyar da tabonta bai fi kaurin biro ba? Ban ga laifin mai wannan tunani ba. Sai dai gwiwar hannu gaɓa ce mai wuyar sha'ani, kuma sunan da tiyatar kyamara ta yi a gwiwar ƙafa da kafaɗa bai biyo ta nan gaba ɗayansa ba. A wasu matsalolin ita ce ta ciri tuta. A wasu kunnen doki suke yi da tiyatar yanka. A wasu kuma ba wurinta ba ne sam. Akwai ma ciwon da mafi yawan masu fama da shi ba sa buƙatar wuƙa ko kaɗan, kuma shi ne ya fi kai mutane asibiti.

Kafin mu yi nisa, akwai kalmar da ke rikita zance tsakanin likita da mara lafiya, wato jijiya. Abubuwa huɗu muke kira da ita. Akwai jijiyar tsoka, farin zaren nan mai tauri da ke liƙa tsoka a jikin ƙashi. Akwai igiyar gaɓa, wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi don kada su goce. Akwai jijiyar saƙo, mai kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsu, ta kuma dawo da ji. Sai jijiyar jini. In likita ya ce maka matsalar jijiya ce, tsaya ka tambaye shi wacce daga ciki, domin amsarsa ita ce rabin shawarar da za ka yanke.

Gwiwar hannu mahaɗar ƙasusuwa uku ce: wanda ya sauko daga kafaɗa, da biyun da suka miƙa zuwa wuyan hannu. Ita ke lanƙwasa hannu da miƙe shi, ita ce kuma ke ba ka damar juya tafi sama da ƙasa. Wani tantani mai kama da jaka ya lulluɓe mahaɗar, cikinsa kuwa a matse yake, ruwan da yake iya ɗauka bai wuce mililita 20 zuwa 25 ba. A jikin wannan tantani ta waje, manyan jijiyoyin saƙo uku ne suka ratsa, wata tazararta da shi 'yan milimitoci ne kawai. Ɗaya ta bi ta bayan ƙullutun ƙashin da ke ɓangaren jiki, ita ce wadda in ka buge ta da bakin tebur kake jin minjirya har ƙaramin yatsa. Ta biyu ta bi ta tsakiya daga gaba, dab da babbar jijiyar jini. Ta uku ta bi ta waje, ita ke ɗaga wuyan hannu da yatsu. Likitoci na kiran su ulna da midiyan da radiyal. In gwiwar ƙafa falo ce mai faɗi, to nan lungu ne mai wayoyin lantarki a jikin bango.

Wannan ƙuncin ne ya sa aka daɗe ana shakkar shigar da kyamara a wurin. A 1931 wani likita a Amurka, Michael Burman, ya gwada leƙa gaɓoɓin gawa da na'urar hange, ya ce gwiwar hannu ba ta dace da wannan aiki ba. A 1932 ya janye maganar, amma duk da haka sai a 1985 ne likitoci biyu, Andrews da Carson, suka fitar da tsararriyar hanyar da aka fara bi a kan masu rai. Har yau likitocin ƙashi da suka goge a kyamarar gwiwar ƙafa sun ninka waɗanda suka goge a ta gwiwar hannu nesa ba kusa ba.

Aikin kansa, wanda suke kira atroskofi, ga yadda yake. Yawanci ana sa mutum barci, a kwantar da shi a gefe ko rub da ciki, hannun na rataye a kan matashi a lanƙwashe. A ɗaura abin tsayar da jini a sama da gwiwa, a ɗura ruwan gishiri a cikin jakar har ta kumbura, don ta ture jijiyoyin saƙo nesa da ƙashi. Sannan a yi huji mai kimanin rabin santimita, a zura kyamara mai kaurin milimita 4, a yi wani hujin ta ɗaya gefen don kayan aiki: abin aske nama, abin goge ƙashi, da ɗan hantsaki na kamawa. Gaban gaɓar da bayanta ɗakuna biyu ne daban, saboda haka hujin kan kai huɗu ko fiye. A tiyatar yanka kuwa ana buɗe fata, santimita 3 zuwa 5 in ƙaramin aiki ne, sama da 10 in babba ne, likita ya ga abin da idonsa, ya taɓa jijiyar saƙo ya kawar da ita gefe kafin ya ci gaba.

Inda kyamara ta yi zarra

Duk abin da ke cikin jakar gaɓa, a nan kyamara take da ƙarfi. Misali mafi bayyana shi ne ɓarɓashin ƙashi ko guringuntsi da ya ɓalle yana yawo a ciki. Mai wannan matsala ya san alamarta: yana cikin miƙa hannu sai gwiwar ta cije, ya tsaya ya girgiza ta, ta sake, bayan kwana biyu ta kumbura. Ba magani ko gashin ƙashi da zai narkar da ɓarɓashin. A da sai an tsaga tsoka an buɗe gaɓar kafin a tsinto shi, wani lokaci ma a cire na gaba a bar na baya. Da kyamara ana zagaye ɗakunan biyu a tsince su duka. In wannan ce damuwarka, ba na ganin akwai abin dogon tunani.

Haka yake ga matasa masu wasannin jifa ko na tsalle-tsalle a kan hannu, waɗanda wani yanki na guringuntsi da ƙashin da ke ƙarƙashinsa ke mutuwa ya fara ɓanɓarewa a gefen waje na gaɓar. In hutu bai warkar ba, ko yankin ya riga ya saki, kyamara na isa a share wurin a kuma yi ƙananan huji a ƙashin don jini ya kawo sabon nama. In ramin babba ne har ana son a dasa guringuntsi daga wani wuri, to sau da yawa sai an buɗe. Masu amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓa, wato rumatoyid, su ma ana aske musu tantanin da ya kumbura ta kyamara idan magani ya kasa. Gaɓar da mugunya ta taru a cikinta ana iya wanke ta ta wannan hanya.

Zaizayewar guringuntsi ta masu aikin ƙarfi tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin a nan ake yawan sa rai fiye da kima. A gwiwar hannu cutar kan fara ne da tsiron ƙashi a bakin gaɓa, gaba da baya, su riƙa karo da juna idan an miƙe hannu sosai ko an lanƙwasa shi sosai. Kyamara na goge waɗannan tsiro, ta cire ɓarɓashi, ta sassauta tantanin da ya ƙanƙance. Amma ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye. Don haka ka lura da kanka: in zafin sai a ƙarshen miƙewa ko ƙarshen lanƙwasawa yake zuwa, akwai kyakkyawan fata. In kuwa yana nan a tsakiyar motsi, ko yana tashe ka da dare kana kwance, alama ce cewa fuskar gaɓar ce ta lalace, kuma goge bakinta ba zai kai ka inda kake so ba, ta kyamara ko ta yanka.

Dalilin da ya sa ƙaramin rauni yake da daraja a wannan gaɓa ya wuce batun kyan fata. Gwiwar hannu ta fi yawancin gaɓoɓi saurin sanƙarewa. 'Yan makonni a ɗaure sun isa ta ƙi miƙewa. Aikin da bai tsaga tsoka da igiyoyi ba yana ba da damar fara motsa hannu a kwana ɗaya ko biyu na farko, kuma wannan motsin wuri shi ke riƙe ribar da aka samu a ɗakin tiyata.

Gwiwar da ta sanƙare

Lafiyayyar gwiwa tana tafiya daga miƙewa sak zuwa kimanin digiri 145 na lanƙwasawa. A 1981 Bernard Morrey da abokan aikinsa a asibitin Mayo da ke Amurka suka auna abin da hidimomin yau da kullum ke buƙata, suka ga yawancinsu suna yiwuwa tsakanin digiri 30 zuwa 130, tare da digiri 50 na juya tafi kowane ɓangare. Ma'anar wannan ga mai zaɓi ita ce, wanda hannunsa ya rage kaɗan ya miƙe sak, ba ya kuma jin zafi, mai yiwuwa ba ya buƙatar kowace tiyata. Wanda ba ya iya kai hannu baki ko ƙeya, shi ne ke da dalili. Shi ma ana fara masa da gashin ƙashi da maɗaurin da ke jan gwiwar a hankali na tsawon watanni.

In an zo tiyata, sanƙarewa matsakaiciya wadda tantanin gaɓa ne kawai ya yi kauri, ƙwararre zai iya sakinta da kyamara. Amma a sani cewa wannan yana cikin mafi haɗarin ayyukan kyamara a gwiwar hannu. Jakar da ta ƙanƙance ba ta karɓar ruwa sosai, don haka jijiyoyin ba sa matsawa, ga shi kuma tantanin da ake yankawa yana manne da su. In ƙashi ya tsiro a cikin tsoka bayan karaya ko ƙuna, ko akwai ƙarfe da kusoshi da za a cire, ko karaya ta haɗe a karkace har taswirar wurin ta sauya, ko an taɓa ɗauke jijiyar ulna daga mazauninta aka dawo da ita gaba, to yanka ya fi aminci. Haka nan wanda gwiwarsa ba ta kai digiri 90 a lanƙwasawa, likitoci da yawa sukan yi ɗan yanka su saki jijiyar ulna tukuna, don kada sabon motsin ya ja ta. A irin wannan hali, nacewa a kan ƙaramin tabo zai iya zama garin neman gira a rasa ido.

Ciwon da ake kira gwiwar ɗan tanis

Yanzu ga wanda ya fi yawa. Zafi ne a ƙullutun ƙashin da ke gefen waje, yana tashi idan ka damƙi abu, ka matse tsumma, ka murɗa makulli, ka ɗaga kofi tafinka na kallon ƙasa, ko ka gaisa da wani ya riƙe hannunka da ƙarfi. Sunan ya samo asali daga wasan tanis, amma mafi yawan masu shi ba su taɓa riƙe abin wasan ba: kafintoci ne, da makanikai, da masu fenti, da masu wuni a kan kwamfuta. Yana kama mutum 1 zuwa 3 cikin 100 na manya, galibi tsakanin shekara 35 zuwa 55. Abin da ya lalace jijiyar tsoka ce mai ɗaga wuyan hannu, daidai inda ta liƙe da ƙashi. Likitoci Nirschl da Pettrone, waɗanda suka bayyana tiyatar yankan da ake bi a 1979, sun nuna cewa naman wurin ya fi kama da zaren da ya sassaƙe ya tsufa fiye da wurin da ya kumbura.

Abin da nake so kowane mai wannan ciwo ya ji kafin a yi masa maganar kyamara shi ne, mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna warkewa cikin kimanin shekara guda ba tare da tiyata ba. Na san shekara ba wasa ba ce ga wanda da hannun yake ci da iyalinsa, kuma ba na raina wannan zafi. Amma alkaluman suna da nauyi. A 2002 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Holan a kan mutum 185, aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a: allurar kotizon mai kwantar da kumburi, gashin ƙashi, da jira kawai tare da shawarwari. Bayan mako 6, masu allura kashi 92 cikin 100 sun samu sauƙi, masu gashi kashi 47, masu jira kashi 32. Bayan shekara guda lissafin ya juye: masu allura kashi 69, masu gashi kashi 91, masu jira kashi 83. Sauri ya haifi nawa ke nan. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a Ostareliya sun nuna abu ɗaya, cewa allurar na kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ciwon ya fi dawowa ga waɗanda aka yi wa ita. Allurar da ake tace jinin mutum a mayar masa a wurin ciwon ita ma ta yi tashe, sai dai da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen a 2021 ba ta ga wata fa'ida ta a-zo-a-gani ba.

Tiyatar kanta fa? A 2018 Kroslak da Murrell suka fitar da sakamakon wani gwaji a birnin Sidni na Ostareliya. Mutum 26 masu daɗaɗɗen ciwo, rabi aka cire musu lalataccen naman jijiyar, rabi aka yanka fata aka duba jijiyar aka ɗinke ba tare da an cire komai ba, ba wanda ya san wacce aka yi masa. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi sosai, kuma ba a ga bambanci tsakaninsu ba, a wata 6 da kuma bayan shekara biyu da rabi. Mutum 26 kaɗan ne, ba za a rufe magana da su ba. Amma sun isa su sa mai hankali ya yi jinkiri, domin suna nuna cewa wani kaso na warakar da ake jingina wa wuƙa, lokaci ne da hutun dole da gashin bayan aiki suka kawo ta.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a rage aikin da ke tayar da zafin, a koyi ɗaga kaya tafi na kallon sama, a gwada ɗamarar da ake ɗaurawa ƙasa da gwiwa, a dage da atisayen ƙarfafa tsokar a hankali. In an yi wata 6 zuwa 12 ana wannan da gaske, ba a samu sauƙi ba, sai a zauna maganar tiyata. Kafin nan ma a tabbatar ciwon shi ne. Jijiyar radiyal da ta matse ƙasa da gwiwa, ko matsala daga wuya, ko igiyar gaɓa da ta saki, duk suna iya shigar burtu da kamanninsa.

To in an kai ga tiyata, wacce? A ta yanka, likita na buɗe santimita 3 zuwa 5 a kan ƙullutun, ya ga jijiyar ƙuru-ƙuru, ya cire ruɓaɓɓen wurin, ya ɗinke abin da ke son ɗinki. Aiki ne gajere, ba ya son kayan aiki na musamman, kuma kusan kowane likitan ƙashi ya iya shi. A ta kyamara, ana isa jijiyar ta cikin gaɓa a aske ta daga ƙasa. Ribarta ta gaskiya ita ce ana leƙa cikin gaɓar a hanya, in akwai naɗin tantani da ke maƙalewa ko guringuntsi da ya fara lalacewa a gyara gaba ɗaya. Haɗarinta na musamman shi ne in askin ya zarce baya kaɗan, zai taɓa igiyar da ke riƙe gwiwar ta waje, a bar mutum da gaɓa mai gocewa, wadda ta fi ciwon farko muni. Gwaje-gwajen da suka haɗa hanyoyin biyu ba su nuna bambanci a zafi ko ƙarfin damƙa ba bayan shekara guda. Akwai rahotannin da ke cewa masu kyamara sun fi saurin komawa aiki, amma hujjar ba ta da ƙarfin da za a jingina zaɓi a kanta ita kaɗai. Ra'ayina shi ne, in gwiwarka na ƙara ko tana cijewa ko tana kumbura bayan zafin jijiyar, kyamara na da abin da za ta ƙara maka. In zafin jijiyar ne tsantsa, ɗauki hanyar da likitanka ya fi yi da hannunsa. Akwai kuma hanya ta uku, inda ake bi ta ɗan huji ɗaya da allura ta musamman ana kallo a na'urar sikanin, ba sai an sa barci ba. Tana da sauƙi a jiki, amma binciken da ke bayanta bai kai na sauran biyun ba.

Sauran matsalolin jijiya ba su da doguwar muhawara. Irin wannan ciwo a gefen ciki, wanda ake dangantawa da wasan golf, bai kai na waje yawa ba, shi ma jira da gashi ne farko, in kuma an zo aiki yawanci yanka ake yi saboda jijiyar ulna na kwance a wurin. Tsinkewar jijiyar ƙwanji daga ƙashi a gaban gwiwa labarinsa daban ne: mutum na ɗaga abu mai nauyi ya ji ɗas, wurin ya tara jini, ƙwanjin ya tattare sama. Wannan ba ya jira. Gyaran ya fi sauƙi a cikin mako 2 zuwa 3 na farko kafin jijiyar ta ja da baya, ana yin sa ne ta yanka ɗaya ko biyu, kuma wanda ya bar ta haka yakan rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin juya tafi sama. Igiyar gefen ciki da ke tsinkewa ga masu jifa, wadda likita Frank Jobe ya fara sake ginawa a 1974 a hannun ɗan wasan besbol Tommy John, ita ma aikin yanka ce. Matsewar jijiyar ulna, mai sa ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, ana sakinta ta yanka ko ta ɗan ƙaramin yanka da taimakon kyamara, sakamakon kuma kusan ɗaya ne. In jijiyar tana tsallake ƙullutun ƙashin idan an lanƙwasa hannu, sai an buɗe an sauya mata wuri.

Haɗari da jinya

Alkaluman da aka fi kafa hujja da su sun fito ne daga asibitin Mayo a 2001, inda Kelly da Morrey da O'Driscoll suka bi diddigin tiyatar kyamara 473 da aka yi cikin shekara 18. Ƙwayar cuta ta shiga cikin gaɓa a guda 4, ƙasa da kashi 1 cikin 100. Ƙananan matsaloli, irin su hujin da ya daɗe yana tsatsar ruwa, sun faru a kashi 11. Mutum 10 sun samu mutuwar jijiyar saƙo ta ɗan lokaci, ba wanda tasa ta dawwama, kuma masu rumatoyid da masu sanƙararriyar gwiwa ne suka fi shiga wannan haɗari. Alkaluman na kwantar da hankali, amma a tuna hannun waye ya yi aikin. Waɗannan suna cikin manyan masanan gwiwar hannu na duniya. A wasu wuraren an samu jijiyar da aka yanke gaba ɗaya, hannu ya shanye. Shi ya sa nake ganin babu rashin kunya a tambayi likita, cikin ladabi, sau nawa yake yin kyamarar gwiwar hannu a shekara, ita kanta ba ta gwiwar ƙafa ba, kuma me zai yi in ya shiga ya tarar ganin bai wadatar ba. Wanda ya ce zai ajiye kyamara ya buɗe, amsar kirki ya ba ka. Likitan da ya ƙware a yanka ya fi maka alheri a kan wanda yake koyon kyamara a hannunka.

Yanka ma yana da nasa: zafi ya fi yawa a makon farko, ƙananan jijiyoyin fata kan yanke su bar wurin da ba ya ji ko yake zogi, raunin ya fi girma, kuma a manyan ayyuka sanƙarewa na iya biyo baya. Ta fuskar kuɗi, kyamara kan fi tsada saboda na'urori da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, da kuma tsawon lokaci a ɗakin tiyata. Shan taba da ciwon sukari da ba a saita ba suna jinkirta warkewa a kowace hanya. In an yi maka allurar kotizon a gwiwar kwanan nan ka faɗa, domin tana ƙara haɗarin shigar ƙwayar cuta.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne ɗaukar warkewar fata a matsayin warkewar ciki. Ana cire zaren ɗinki a kwana 10 zuwa 14 a duka hanyoyin. Wanda aka tsince wa ɓarɓashi da kyamara yakan koma ƙaramin aiki cikin mako ɗaya ko biyu. Amma jijiyar tsoka ba ta san ta wace ƙofa aka shigo mata ba, lokacinta take ɗauka: mai aikin ƙarfi ya sa ran wata 3 ko fiye kafin ya damƙi guduma kamar da, cikakken ƙarfi kuma yana iya kai wata 6. Wanda aka saki wa sanƙararriyar gwiwa, aikinsa na gaske yana farawa ne washegari, kuma in bai samu damar zuwa gashin ƙashi a kai a kai na watanni ba, gara ya ɗaga tiyatar zuwa lokacin da zai samu, domin gwiwar za ta iya komawa gidan jiya.

Bayan ka farfaɗo, kafin a sallame ka, a duba jijiyoyin nan uku a gabanka. Ka ɗaga babban yatsa da wuyan hannu sama, wannan ta radiyal ce. Ka haɗa kan babban yatsa da kan manuniya su yi zobe, wannan ta midiyan ce. Ka ware yatsunka ka sake haɗe su, wannan ta ulna ce. In an yi maka allurar kashe hannu gaba ɗaya, mutuwar na iya kai kwana guda, shi ya sa wasu likitoci ba sa yin ta sai sun gama wannan gwaji. In kwana ya wuce yatsa bai dawo ba, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko gwiwar ta yi ja ta ɗau zafi da zazzaɓi, ko huji na fitar da ruwa mai kauri, ka koma asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati.